Bod Ya Ƙone: Shin Dole Ne A Yi Wa Kwamfuta Fomat?

Akwai maganganu biyu da ba sa rabuwa a bakin masu gyaran kwamfuta, ko a Titin Beirut na Kano kake ko a babbar kasuwar kwamfuta ta Ikeja. Ta farko ita ce, “Alhaji, bod ne ya tafi.” Kafin mai kaya ya gama haɗiye wannan, sai ta biyu ta biyo baya: “In an sa wani, sai an yi fomat.” Maganar farko sau da yawa gaskiya ce, domin wutar da ke dawowa da ƙarfi bayan an ɗauke ta, da janareta mai hawa da sauka, da cajar jabu, da zafin bazara da ƙurar hunturu, duk abokan gabar madabod ne. Ta biyun ce nake da ja a kanta. Gaskiyar wani zamani ce da ya wuce, ta zauna a bakin mutane har ta zama kamar doka, kuma a dalilinta an share kundin ɗalibai, da lissafin shago, da hotunan iyali waɗanda babu abin da ya same su. Abin da ya fi wannan tayar da hankali shi ne, yayin da kowa ya zuba ido ya ga ko Windows za ta tashi, haɗarin gaske ya sauya mazauni. Yanzu yana wurin lasisi, da kuma wani makulli na sirri da ke ɗaure da tsohon bod, wanda masu kwamfuta da yawa ba su ma san suna da shi ba.

Sai mu fara da inda kowane abu yake zaune. Madabod shi ne faffaɗan allon nan na cikin kwamfuta wanda duk sauran sassa ke jone da shi, firosesa kuma ita ce 'yar guntuwar da ke zaune a kansa tana yin lissafin komai. Babbar manhaja, ko Windows ce ko Linux, ba a kan ɗayansu take ba. Tana kan faifan ajiya, ko mai juyawa irin na da ko SSD na yanzu, tare da duk fayilolin mai kwamfutar. Manhajar da ke cikin bod 'yar ƙarama ce, ita ce BIOS ko magajinta UEFI, kuma aikinta ta tashi sassan daga barci, ta nemo faifai, ta miƙa wa babbar manhaja ragama. Saboda haka cire bod da firosesa a sa wasu ba ya goge ko harafi ɗaya daga faifai. Lamarin ya fi kama da na mutumin da ya kwashe kayansa ya tare a wani gida. Akwatunansa suna nan yadda ya ɗaure su, amma ƙofofin ba inda ya saba suke ba, takardar hayar da ke hannunsa da sunan tsohon gida take, kuma mai yiwuwa makullin babban akwatin yana rataye a bangon da ya baro.

Masu gyaran da suka koyi aiki a zamanin Windows XP ba ƙarya suka ƙirƙira ba, kuma ya kamata a ba su haƙƙinsu. Babbar manhaja ba ta magana da sassan kwamfuta kai tsaye. Kowane sashe yana da 'yar manhajar da ke yi masa tafinta, ita ake kira direba. XP, wadda ta fito a 2001, takan zaɓi direbobin da suka dace da bod ɗin da aka girka ta a kansa tun ranar farko, ta riƙe su kam. Mafi muhimmanci a cikinsu shi ne wanda ke buɗe mata hanya zuwa faifai. In aka kawo bod ɗin da sashensa mai kula da faifai na wani kamfani ne, sai ta fara tashi, ta nemi faifan da ita kanta take kansa ta rasa hanya, ta tsaya cak da shuɗin allo mai lambar da ke ƙarewa da 7B. Har ila yau tana da wani shimfiɗi tsakaninta da ƙarfen kwamfuta mai nau'o'i dabam-dabam, na firosesa mai ƙwaƙwalwa ɗaya dabam, na mai biyu dabam, kuma ranar girkawa ake zaɓensa. Wani abin da ya faru a 2008 ya nuna yadda lamarin yake da tsauri. Lokacin da Microsoft ya fitar da babban gyara na uku na XP, kwamfutocin HP da yawa masu firosesar AMD suka shiga mutuwa da tashi babu ƙaƙƙautawa. Da aka bincika, sai aka gano cewa kwafin Windows ɗin da aka zuba musu a masana'anta na kwamfutocin Intel ne, yana ɗauke da direban da ke kula da wutar firosesar Intel, kuma wannan direba guda ne ya hana su tsayawa da ƙafarsu. Wanda ya ga irin wannan sau goma a teburinsa, ba za a zarge shi ba in ya yanke cewa sabon bod sai sabuwar Windows.

Sai dai ruwa ya daɗe da wucewa ƙarƙashin wannan gadar. Daga Windows 8, wadda ta fito a 2012, Microsoft ya sauya yadda manhajar ke tashi, ta yadda takan duba sassan da ta tarar, in ta ga baƙi ta ɗan dakata ta ɗora musu direbobin da ta zo da su, ta sake kunna kanta sau ɗaya ko biyu, ta ci gaba. Shaidar cewa da gangan aka yi haka ita ce, a wannan shekarar kamfanin ya fito da wani tsari mai suna Windows To Go, wanda ma'aikaci zai ɗauki Windows ɗinsa a filasha ya tashe ta a kwamfutoci iri-iri. Windows 10 da 11 sun gaji wannan hali. A yau abu ne da aka saba gani a cire faifai daga bod na Intel a sa shi a na AMD, ya tashi lafiya, abin da a zamanin XP sai an yi sa'a.

Inda ta ƙi tashi kuwa, galibi laifin wani saiti ne a cikin BIOS wanda bai kai aikin minti goma ba. Bod yana iya magana da faifai ta hanyar da ake kira AHCI, ko ta RAID, ko ta VMD a sababbin kayan Intel. In an girka Windows a kan ɗaya, sabon bod kuma ya zo a saite kan wata, shuɗin allon nan na rashin ganin faifai zai dawo, kuma maganinsa a mayar da saitin yadda tsohon yake. Akwai kuma batun tsarin faifan kansa. Tsofaffin kwamfutoci suna tsara faifai da salon MBR su tashe shi ta tsohuwar hanyar BIOS, sababbi kuma suna amfani da GPT da UEFI. Bod na zamani zai iya kallon faifan MBR ya ce bai ga komai ba, sai an kunna masa sashen kwaikwayon tsohon BIOS da ake kira CSM, in har yana da shi, domin masu ƙera bod suna ta janye shi. In babu, tun 2017 Windows 10 take ɗauke da wata 'yar manhaja mai suna MBR2GPT da ke juya faifai zuwa sabon salo ba tare da goge fayil ba. Wani lokacin ma abin bai kai haka ba: UEFI yakan ajiye jerin abin da zai tasa a cikin bod ɗin kansa, sabon bod kuwa ya zo da jerinsa fayau, sai an nuna masa inda manhajar take. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da fomat ne maganinsa na farko. Wanda ya share faifai saboda saiti guda ya yi gyaran gangar Auzinawa.

Sauya firosesa kaɗai, bod yana nan, ya fi sauƙi. Windows takan gane sabuwar, ta ɗora mata direba, shi ke nan. Abin lura a nan na ƙarfe ne: gurbin da firosesa ke zama dole ya dace da ita, kuma BIOS ɗin bod dole ya san ta. Gurbin AM4 na AMD, wanda ya fito a 2016, ya karɓi firosesar Ryzen zuriya bayan zuriya, amma tsohon bod ba zai tashi da Ryzen 5000 ba sai an sabunta masa BIOS, kuma a mafi yawan bod da tsohuwar firosesa ake wannan sabuntawa, don haka kada a sayar da ita kafin a gama. A laftof kuwa zancen sauya firosesa ya kusa zama tarihi, domin a yawancin na yanzu a like take da bod da dalma; in ɗaya ya tafi, tare suke tafiya.

Akwai iyakar da babu dabarar da ke tsallake ta, wato tazarar zamani tsakanin manhaja da ƙarfe. Wanda ya ɗauki Windows 7 ya ɗora a kan bod na Intel daga zuriyar Skylake ta 2015 zuwa sama yakan tarar kibod da mawus sun mutu, saboda manhajar ba ta zo da direban sabon tsarin USB ba. A 2017 kuma Microsoft ya daina ba Windows 7 da 8.1 sabuntawa a kan firosesar Intel zuriya ta bakwai da Ryzen. Windows 11, wadda ta fito ranar 5 ga Oktoba 2021, ta juyo da sharaɗin ta ɗaya ɓangaren: tana neman, in ban da 'yan ƙalilan, firosesar Intel zuriya ta takwas ko Ryzen 2000 zuwa sama, da UEFI, da sashen tsaro na TPM 2.0. Tun da aka rufe tallafin Windows 10 na yau da kullum ranar 14 ga Oktoba 2025, wannan sharaɗi ya zama abin da mai sayen bod na hannu zai auna, domin bod mai araha na zuriya ta shida ko ta bakwai zai yi aiki, amma zai bar shi a kan manhajar da aka juya wa baya.

To, Windows ta tashi. Sai ga rubutu a kusurwar allo yana cewa a kunna lasisi. A nan ne tambayar ta tashi daga fasaha ta koma shari'ar mallaka. Manomin da ya sauya wa fartanyarsa ƙota bana, baɗi ya sauya mata ruwa, fartanyar da ya gada ce har yanzu ko wata ce? Kamfanin da ke sayar da lasisi na kwamfuta ɗaya dole ya amsa irin wannan tambaya. A zamanin XP, wadda da ita aka soma wajabta wa masu Windows kunna lasisi, manhajar takan ɗauki alamun sassa goma, in da yawansu suka sauya sai ta nemi a sake kunnawa. Daga baya amsar ta taƙaitu a abu guda: a wurin Microsoft, madabod shi ne kwamfuta. Ka ƙara RAM, ka sauya faifai, ka sauya katin hoto, har firosesa galibi, lasisi na nan. Ka sauya bod, ka yi sabuwar kwamfuta. Tsarin ma ya shige cikin ƙarfen kansa. A da lambar lasisi mai harafi 25 tana kan sitikar da aka manna a jikin kwamfuta. Daga Windows 8 manyan kamfanoni irin su HP da Dell da Lenovo suka koma dasa ta a cikin BIOS. Windows 10, wadda ta fito ranar 29 ga Yuli 2015, ta ƙara wani salo, inda ake ajiye alamar kwamfutarka a rumbun Microsoft, duk lokacin da ta hau intanet a gane ta.

Abin da zai biyo baya ya dogara da irin lasisin. Wanda mutum ya saya dabam da kuɗinsa nasa ne, yana da ikon ɗauke shi daga tsohuwar kwamfuta ya kai sabuwa. Tun 2016 ma an sauƙaƙa: in ya riga ya haɗa lasisin da asusunsa na Microsoft, zai shiga sashen kunna lasisi, ya zaɓi cewa ya sauya kayan ciki kwanan nan, a mayar masa. Wanda ya zo tare da kwamfuta daga masana'anta, wato na OEM, ɗaure yake da bod ɗinsa na asali, kuma shi ne a hannun mafi yawan mutane. An bar ƙofa ga wanda bod ɗinsa ya lalace aka musanya masa da irinsa ta hannun kamfanin da ya ƙera kwamfutar. A ganina wajibi ne a ja layi a wani wuri, kuma bod ba mummunan wuri ba ne, amma wannan ƙofa an yi ta ne domin mai garanti, wanda ke da ofishin kamfani a garinsu. Wanda ya sayi laftof ɗin Beljiyam wadda garantinta ya ƙare tun tana Turai, wuta kuma ta ƙona masa bod ba da laifinsa ba, ba shi da wanda zai kai wa kuka. A watan Satumba 2023 an ƙara ƙuntata masa, domin Microsoft ya rufe hanyar kunna Windows 10 da 11 da lambobin Windows 7 da 8, hanyar da masu tsofaffin kwamfutoci masu sitika suka daɗe suna bi. Duk da haka a san girman asarar: Windows marar lasisi ba ta kulle mutum a waje, ba ta taɓa fayil, rubutu ne a kusurwa da hana sauya ado. Fomat kuma ba ya dawo da lasisin da ya tafi da tsohon bod.

Asarar da ba ta da magani tana wurin makulli. Tun Windows Vista akwai wani tsari mai suna BitLocker da ke juya duk abin da ke kan faifai ya koma rubutun sirri, yadda ɓarawon da ya zare faifan ba zai karanta komai ba. Mabuɗin wannan sirri ana damƙa shi ga TPM, wani ɗan sashe na tsaro da ke kan bod, ko a cikin guntayen Intel, ko a cikin firosesar AMD kanta. Kullum aka kunna kwamfuta, TPM yakan duba ko komai yana yadda ya sani, ya saki mabuɗi a ɓoye, mai kwamfuta bai ma san an yi ba. A da manyan ma'aikatu ne ke kunna wannan da saninsu. Daga Windows 8.1 ya fara kunna kansa a wasu laftof da zarar mutum ya shiga da asusun Microsoft, sabuntawar Windows 11 ta ƙarshen 2024 kuma ta faɗaɗa shi zuwa kwamfutoci masu yawan gaske. Ke nan akwai ɗalibai da 'yan kasuwa da ke yawo da faifai a kulle ba tare da sun taɓa jin sunan BitLocker ba. Ranar da aka sa sabon bod, sabon TPM bai san wannan faifai ba, sai allo ya nemi lambar ceto mai alƙaluma 48. In akwai ta, aikin minti ɗaya ne. In babu, babu gwanin da zai buɗe, ko a Ikeja ko a ofishin Microsoft, domin da ana iya buɗewa da tsarin bai da amfani tun farko. Lambar takan kasance a asusun Microsoft ɗin da aka fara shiga da shi, kuma a nan wata matsalar tamu take: sau da yawa yaron shagon da ya saita kwamfutar ne ya buɗe asusun, ko ya sa nasa, mai kaya bai san sunan asusun ba balle kalmar sirrinsa.

Masu AMD suna da wani tarko na musamman, domin in TPM ɗinsu a cikin firosesa yake, ko firosesa kaɗai aka sauya, TPM ya sauya. Bod yakan tsaya da wani saƙo na Turanci yana cewa ya ga sabuwar firosesa, a danna Y a share bayanan TPM, ko N a bar su. Saƙon da kansa yana gargaɗi cewa in faifai a kulle yake, ba zai tashi ba sai da lambar ceto, kuma in an danna N za a iya mayar da tsohuwar firosesa a ceci makullan. Hannun da ya saba danna Y ga kowace tambaya don aiki ya yi sauri zai iya rufe wannan hanya cikin daƙiƙa ɗaya. Alhali da an dakatar da BitLocker daga cikin Windows kafin a kwance noti ko ɗaya, da faifan ya tashi a kan sabon ƙarfe ba tare da tambaya ba, ya sake ƙulla amana da sabon TPM. Lambar PIN ta shiga Windows ma a TPM take ɗaure, shi ya sa bayan sauyi takan ƙi aiki, sai da ainihin kalmar sirrin asusu.

Gogaggen mai gyara zai ce, duk na ji, amma Windows ɗin da aka ɗauko daga wani bod ba ta kai sabuwar girkawa lafiya ba. Yana da hujja. Tsofaffin direbobi sukan saura, manhajojin kamfanin tsohon bod masu kula da fanka ko sauti sukan ci gaba da neman abin da babu, kuma wani lokaci daga nan ake samun kwamfutar da ke ƙin farkawa daga barci ko take yin shuɗin allo jefi-jefi. Wanda ya tsallaka daga Intel zuwa AMD, ko Windows ɗinsa dama ta cika da tarkace, zai fi samun natsuwa da sabuwar girkawa, ban musa ba. Abin da nake ja a kansa shi ne jerin aikin. Sabuwar girkawa zaɓi ne da mai kaya zai yi bayan an kwafe fayilolinsa, an tabbatar da matsayin lasisinsa, an rubuta manhajojin da zai rasa. Wasu daga cikinsu, kamar na lissafin kuɗi ko na tsohuwar firinta a shagon buga takardu, ba lallai a sake samun faifan girka su ba. A gwada tashin tsohuwar tukuna, a cire direbobin tsohon bod, a sa na sabo daga shafin kamfaninsa, a yi mako ana aiki. In ta ƙi zama lafiya, fomat bai gudu ba. Shi ne dai in an yi ba a dawowa.

Wani kuma zai ce ai yawancin Windows ɗin da ke kasuwanninmu ba na lasisi ba ne, to me ya dame mu? Ko da haka ne, BitLocker ba ya tambayar yadda ka sami Windows kafin ya nemi lambarsa. Kuma mutane da yawa suna da lasisi na halal ba su sani ba, domin laftof ɗin hannu da ta fito daga ofisoshin Turai da Amurka takan zo da lambarta dashe a BIOS. Zuba mata kwafin sata da 'yan manhajojin fasa lasisi, waɗanda ta cikinsu ƙwayoyin cuta ke shigowa, jefar da abin da aka riga aka biya ne. Masu Linux su ma za su ce su wannan bai shafe su ba, kuma sun fi kusa da gaskiya. Linux tana ɗauke da mafi yawan direbobinta a jikinta, tana tantance ƙarfe a kowane tashi, ba ta da lasisin da za a kunna. Amma ita ma takan rasa sunanta a jerin UEFI na sabon bod, sunan da take kiran katin intanet da shi yakan sauya har saitin sadarwa ya rikice, tsohon kwafinta kuma ba zai san ƙarfen da aka ƙera bayansa ba. Gyaran dai ya fi sauƙi, shi ya sa wanda kwamfutarsa ta gaza sharaɗin Windows 11 bai kamata ya raina ta ba.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne na wanda zai ce, bod ai ba ya sallama kafin ya mutu, yaya zan dakatar da BitLocker a kwamfutar da ta riga ta yi shiru? Gaskiya ne, kuma shi ya sa ba a fafe gora ranar tafiya. Tun kwamfuta tana lafiya ake shiga saitinta a duba ko faifan a kulle yake, a nemo lambar nan mai alƙaluma 48 a rubuta ta a takarda a ajiye inda ake ajiye takardun fili, a tabbatar asusun Microsoft ɗin na mai kaya ne kuma ya san kalmar sirrinsa, a duba ko lasisin a haɗe yake da asusun. In kuwa bod ya riga ya tafi, matakin farko shi ne a zare faifan a jona shi da wata kwamfuta a kwafe abin da ke ciki kafin a yi maganar komai, in ba a kulle yake ba ko kuma akwai lambar ceto. A wasu kwamfutocin ko wannan ba ya yiwuwa. MacBook na Apple daga 2018, masu guntun tsaro na T2, da waɗanda suka biyo baya masu M1 daga 2020, ma'ajiyarsu a like take da bod, sirrinta kuma a ɗaure da guntun da ke kansa. Ƙananan laftof masu araha da yawa su ma ma'ajiyarsu a like take. A irin waɗannan, sauya bod daidai yake da sauya faifai, don haka in akwai abu mai muhimmanci a ciki, gara a nemi mai iya gyaran bod ɗin kansa, mai bin layukan wuta da mita yana sauya abin da ya ƙone, ko da kuɗinsa ya fi, a kan mai cirewa ya sa wani.

Shi ma bod ɗin da za a sa ɗin ba fayau yake zuwa ba, tunda a kasuwanninmu galibi daga jikin wata matacciyar laftof aka ciro shi. Yana tafe da lambar lasisin tsohuwar kwamfutarsa, wadda za ta iya zama ta Windows Home alhali ta faifanka Pro ce, sai lasisi ya ƙi kamawa har a daidaita su. Yana iya zuwa da kalmar sirri a BIOS wadda za ta hana a taɓa saitin AHCI ko CSM da muka ambata. In kuma daga wani kamfani na waje ya fito wanda ya yi masa rajista a tsarin Autopilot na Microsoft bai cire shi ba, ranar da aka girka sabuwar Windows aka jona intanet sai allo ya fito da sunan wannan kamfani yana neman asusun ma'aikacinsu, kuma su kaɗai ke iya sakinsa. Duk waɗannan ana iya gano su a shago kafin kuɗi ya bar aljihu: a kunna, a shiga BIOS a ga ko a buɗe yake, a jona intanet a duba abin da sashen lasisi ya ce, sannan a yi ciniki.